Sodar da Muka Bari a Cikin Biret

Alhamis, 24 ga Fabrairu, bayan azahar

Matata Tabawa ta ce in bar ta ta ji da tukunyarta, in nemi wanda zan riƙa yi wa surutu. Shi ne na ɗauko wannan littafin ɗalibai da ba a taɓa rubutu a ciki ba. Ni mutum ne da ya saba da mai saurare. Kakata da tatsuniya ta rene ni, na girma bakina bai san zama shiru ba, sai na riƙa juye wa Matiyu a wurin aiki, shi yana wanke kwalabe ni ina zuba. Tun Litinin ba a fita. To, takarda, yau ke ce Matiyu. Ba ki iya dariya ba, amma dai ba za ki katse ni ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Litinin ba. Wanda yake garin nan ya sani, wanda ba ya nan ya ji a rediyo. Ko shekara ba a yi ba da sojoji suka koma bariki muka yi ta murna, ga su nan sun dawo bakin layinmu a Unguwar Mu'azu, wannan karon kuma mu ne muke addu'ar kada su tafi.

Abin da zan rubuta shi ne, mun bar soda a cikin biret.

Asabar, 26 ga Fabrairu, da hantsi

Bari in yi wa takarda bayani, tunda ba ta taɓa shiga ɗakin gwajin kemistiri ba.

Biret dogon bututun gilashi ne, siriri kamar karan dawa, da zanen awo tun daga sama har ƙasa. A ƙasansa akwai ɗan famfo, shi ma na gilashi. Ana kafa shi a tsaye a cika shi da ruwan soda, irin sodar nan mai ƙuna ta masu yin sabulu, amma an tsinka ta da ruwa. A ƙarƙashinsa sai a ajiye kwalba mai faɗin gindi, da asid a ciki da ɗigon wani magani marar launi. Kana sakin soda kaɗan-kaɗan, kana juya kwalbar. Shiru, shiru, kamar ruwa kake zubawa cikin ruwa. Can sai ɗigo ɗaya ya faɗa, ruwan ya koma ruwan hoda, ɗan kaɗan, kamar tafin hannun jariri. A nan ake tsayawa a karanta awo. In ka zarce, ka ɓata aikin.

Da haka muke gane ƙarfin sodar da za mu raba wa ɗalibai ranar jarrabawa. In mu muka kuskure, aji guda ya kuskure.

Ni hannu Allah ya ba ni. Ina iya sakin rabin ɗigo ya tsaya yana lilo a bakin biret har sai na ce masa sauka. Amma idona ya fara yana, launin nan ba na ganinsa sai ya yi ja kamar zoɓo. Matiyu kuwa ba abin da ke wuce idonsa, sai dai hannunsa na manoman citta ne na ƙasar Kwoi, in ya murɗa famfo kamar zai cika bokiti. Saboda haka tun muna da baƙin gashi muka raba aikin, ni famfo, shi launi. Ya durƙusa, haɓarsa a bakin tebur, yana cewa:

"Sakar masa, Baba. Sakar masa. Sannu. Ɗigo. Ɗigo. Rabi. Tsaya."

Dokta Nkiruka, shugabar sashenmu, takan ce ba ta san ko ma'aikaci ɗaya ne da ita mai ƙafa huɗu ba.

Ranar Litinin ya kai "rabi" ke nan sai hayaniya ta taso daga titi, wani ya leƙo ya ce kowa ya kama gabansa. Matiyu ya miƙa hannu zai sauke biret ya wanke. Ai dokar farko ke nan da muke koya wa ɗalibai: ba a barin soda ta kwana a biret, cin gilashin famfon take yi ta liƙe shi, ya ƙame kamar an yi masa walda. Na ce, "Bar shi, gobe mu ƙarasa." Ya dube ni, ya ɗauki ɗan faifan gilashi ya rufe bakin kwalbar. A ƙofar makaranta shi ya yi hagu wajen Sabon Tasha, ni na yi dama wajen gada.

Lahadi, da la'asar

Ba labari.

Litinin, 28 ga Fabrairu, da safe

An sassauta dokar hana fita. Na sa hula na je zaure zan fito da keke, na tarar tayoyin biyu sun kwanta. Na dubi Tabawa, ta dubi sama.

Na ce, "Ikon Allah. Ƙaya har cikin zaure."

Ta ce, "Garin ne ya lalace, Malam. Ƙaya ma yanzu gida-gida take bi."

Famfon iskar ma ya yi ƙafa. Na koma na zauna.

Laraba, 1 ga Maris, bayan la'asar

Na je makaranta. A gada sojoji suka sa na sauka na tura keken. Akwai wuraren da na wuce ina kallon tayar gaba kawai.

Ma'aikata ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma gaisuwar ta canza. Ba a cewa ina kwana, sai "wa ka gani?" Kowa ya kawo nasa sunayen, a haɗa. An ga wane a barikin 'yan sanda, wance ta bi mota ta yi gabas. Na jira a kawo sunan Matiyu da kansa, ba a kawo ba. Da na tambaya, sai kowa ya tuna yana da abin yi a ofis.

Ɗakin gwaji yana nan yadda muka bar shi. Farar rigarsa a ƙusa, bika, kofin gilashin awon nan da yake shan shayi a ciki, a kan taga, duk da na sha gaya masa wata rana zai sha abin da ba shayi ba. Biret yana tsaye. Sodar tana kusa da inda muka tsaya, samanta ya lanƙwasa kamar jinjirin wata a kwance. Rabin ɗigon nan ya bushe a baki, ya zama farin ɓawo. Kwalbar tana ƙasa da faifanta, ruwan cikinta fari tas.

Na sa yatsa a famfon, na ji da sauran motsi. In na sauke shi yau na wanke, ya tsira.

Na cire hannuna. Ba ni kaɗai na fara aikin ba.

Juma'a, 3 ga Maris, kafin masallaci

Dokta Nkiruka ta dawo. A bariki ta zauna ita da 'ya'yanta. Ta rame, zanen jikinta ma ba nata ba ne, na gane domin ba ta taɓa ɗaura zane zuwa aiki ba. Ta riƙe hannuna biyu ta daɗe ba ta sake ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai idonta ya faɗa kan tebur.

"Baba Barau, soda ce wannan?"

"Ita ce, Dokta."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Kai? Kai da kake korar yara daga aji saboda wannan?"

Na ce, "Aikin bai ƙare ba, Dokta."

Ta buɗe baki, sai ta ga rigar da ke ƙusa. Ta tambaye ni ko an kawo wuta yau. Na ce ba a kawo ba.

Litinin, 6 ga Maris, da rana

Ɗalibai ba su dawo ba, aiki babu. Na wanke kwalaben da suke a wanke. Ina cikin wankin na ji bakina ya kama tatsuniya shi kaɗai, ta akuyar nan da ta tafi birni neman mai gyaran ƙaho. Matiyu bai taɓa barin tatsuniya ta yi tafiyarta lafiya ba. Kana cewa akuya ta shiga mota, zai ce, "Tsaya, Baba. Direban bai ce komai ba? A gaba ta zauna ko a baya?" In ka ce ai tatsuniya ce, ya ce, "To a tatsuniya ba 'yan kamasho?"

Yau akuya ta shiga mota, ta isa birni, ta dawo, ba wanda ya tare ta. Ashe tatsuniyar gajera ce. Ni na ɗauka doguwa ce.

Daga tagar sama ana hango wutar matatar mai ta Rido tana ci abinta da rana tsaka. Ita dai ba a sa mata dokar hana fita ba.

Laraba, 8 ga Maris, bayan magariba

Tabawa ba ta san inda na je yau ba, kuma takarda ba ta da baki.

Na ajiye keke a makaranta. Na cire hula na cusa a aljihu, na ɗora farar rigar aiki a kan kaftanina na ɓalle maɓallan har wuya. Na ce wanda ya gan ni zai ɗauka ma'aikacin asibiti ne, shi kuwa ma'aikacin asibiti ba a tambayarsa inda yake salla. Gemun ne ban san yadda zan yi da shi ba. Na shiga bas ta Sabon Tasha, wata mata ta matsa mini ta ce, "Sannu, likita." Na amsa. Har ta fara gaya mini ciwon gwiwarta, na ce ta rage gishiri.

Na san gidan. Na ci tuwon acca a can ranar sunan Vicky, 'yarsu ta fari, na ci shinkafar Kirsimeti ba sau ɗaya ba. Layin ne ya yi mini wuyar ganewa, domin abubuwan da nake gane shi da su ba sa nan.

Gidan yana nan. Ƙofar ce babu.

Ban shiga ba. Daga waje ana ganin abin da za a gani. Bishiyar gwaibarsa tana nan, gefe ɗaya kore.

Wata maƙwabciya tana shanya. Na gaishe ta, ta dubi rigar, ta dubi gemun, ta ƙara duban rigar. Na ce ina neman Mista Matiyu ne, abokin aikina.

Ta ce, "Sun tafi."

Na ce, "Dukansu?"

Ta kwashe kayan da ta shanya, da jiƙonsu, ta shiga gida ta rufe.

A bas ta dawowa ba wanda ya ce mini likita. Sai da na kai ƙofar makaranta na tuna hulata tana aljihu.

Alhamis, da safe

Famfon ya ƙame.

Asabar, da la'asar

"Sun tafi." Ana cewa haka in mutane sun yi ƙaura. Ana kuma cewa haka.

Litinin, 13 ga Maris, bayan la'asar

An sa jarrabawa bayan Sallah. Dokta ta shigo da safe ta ce dole a haɗa sabuwar soda a auna ƙarfinta, ɗalibai ba za su jira kowa ba. Ta ce "kowa" tana kallon taga. Ta ɗauko wani biret daga kabad da kanta, ta cire agogo, ta ce ita za ta duba mini launi.

Na farko ta tsaya a tsaye kamar mai duba jarrabawa, ba ta ce komai ba sai da ta ce "stop". Kafin Turancin ya bi ta kunnena ya sauko hannu, ruwan ya zama zoɓo. Na biyu ma haka.

Ta ce, "Baba, yaya yake yi maka?"

Na ce, "Ba ya bari sai an iso. Tun daga nesa yake rako ni."

Na gaya mata kalmomin. Ta rubuta su a tafin hannunta da biro, mace mai digiri uku. Ta jawo kujera, ta ajiye haɓa a bakin tebur.

"Sake masa, Baba."

"Sakar masa."

"Sakar masa. Sannu. Digo."

"Ɗigo, Dokta. Saura kaɗan ki ce diga ta haƙa rami."

"Baba, kana so in duba launi ko in koyi Hausa?"

Muka yi dariya, karo na farko a ɗakin nan tun ranar. Muka sake, muka sake, awon ya zo daidai da juna, ba abin da za a kushe. Ta yi murna. Ni ma na ce madalla.

Aikin ya yiwu ba shi. Wannan ne ban shirya masa ba.

Da za ta fita ta tsaya a gaban tsohon biret ɗin. Ta ce ɗalibai za su dawo, ba za ta iya barin su ga wannan a teburina ba. Ko in kwance shi bayan Sallah, ko ya tafi kwandon fasassun gilasai. Ba da faɗa ta faɗa ba.

Juma'a, 17 ga Maris, washegarin Sallah, da hantsi

An yi layya. Ragon bana ƙarami ne, masu kawowa ba su shigo sosai ba.

Kowace shekara cinya ɗaya ta gidan Matiyu ce. Yakan zo da kansa a babur, ya tsaya a zaure yana cewa, "Hajiya, na zo duba lafiyar ragon." Tabawa ta ce masa ragon ya rasu. Ya ce, "Allah sarki, to a ba ni abin tunawa."

Jiya ana rabo na ga ta ware cinyar gefe. Yau da safe na ga ta yanka ta ƙanana ta soya har ta bushe, ta zuba a kwalla ta malala mai a kai.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "In an soya da kyau yana kaiwa damina."

Ta ɗaure kwallar da tsumma ta ce in kai makaranta in ajiye. In mutum ya dawo garin nan, ta ce, ba Unguwar Mu'azu zai fara zuwa ba yanzu. Ban yi mata musu ba. Tayoyin kekena kuma tun ranar nan ba su sake taka ƙaya ba.

Litinin, 20 ga Maris, da rana

Na sauke biret ɗin. Na juye sodar ta sama. Kwalbar da faifanta na matsar gefe, ba ta cikin umarnin Dokta.

Abin dariyar shi ne, a duk makarantar nan Matiyu ne mai kwance famfon da ya ƙame. Har daga wasu sassan ake kawo masa. Hannun da bai iya sakin ɗigo ba, shi ya iya lallashi. Ni na saba famfo ya yi mini biyayya, in ya ƙi sai raina ya ɓaci in matsa, gilashi kuwa ba a matsa masa. Waɗanda na fasa a rayuwata Matiyu yana da tarihinsu, yakan karanto mini in ya ga na fara fahariya.

Na zauna na tuno yadda yake yi. Da farko jiƙo. Yakan sayo baƙin lemon kwalba, ya sha rabi, ya tsoma famfon a rabin ya bar shi ya kwana. Na tambaye shi sau ɗaya ko shan rabin yana cikin aikin, ya ce shi ne ma asalin aikin. Na saya, na sha rabi. Ba na son zaƙi, amma ban san wane ɓangaren ne maganin ba.

Talata, da rana

Bai motsa ba. Na sake jiƙawa.

Laraba, 22 ga Maris, bayan azahar

Bayan jiƙo sai zafi. Ana tsoma tsumma a ruwan zafi a naɗe gidan famfon ta waje, don na wajen ya buɗe kafin na cikin ya ji. Sannan a riƙa ƙwanƙwasa shi da ƙotar burushi, a hankali, kamar mai tada mara lafiya. Matiyu ba ya duba agogo. Wata waƙar cocinsu yake yi ta hanci, in ta ƙare ya cire tsumman ya gwada, in bai yi ba ya koma farko.

Ban san kalmomin ba, amma muryar ta zauna mini a kai, shekara da shekaru ina jin ta a bayan wuyana. Na duba ƙofa, na yi ta ta hanci. Limaminmu bai ji ba, Allah kuma ya san awon lokaci nake yi.

A tsakiya akwai inda muryar take hawa. Nan na kasa. Ba don tsayin ba.

Alhamis, 23 ga Maris, da hantsi

Ya kwance.

Ban ma matsa ba. Na cire tsumman, na ɗora babban yatsa, na ji ɗan ƙas, sai ga shi a tafina. Ko tsagewa babu. Na wanke shi, na goge, na shafa masa basilin siriri, na mayar. Yana juyawa kamar ba a taɓa yin komai ba.

Dokta ta ce, "Ka gani? Ashe ka iya." Ta tafa mini.

Na kafa shi a mazauninsa, wankakke, babu komai a ciki. Na daɗe ina kallonsa. Da yana ƙame, akwai abin da ke jiran mutum a ɗakin nan. Yanzu saura riga da bika da kwalba, su kuwa kowa ma zai iya kwashewa.

Lahadi, da la'asar

Zafi ya sauka. Tabawa ta ce ban ci abinci ba. Na ce na ci. Ta nuna mini kwanon.

Litinin, 27 ga Maris, bayan magariba

Zan rubuta wannan a hankali, kada in zarce.

Wajen sha ɗaya ina jera kwalaben jarrabawa mai gadi ya leƙo ya ce wata mata tana nemana a gindin mangwaro. Na fito ina goge hannu. Idona ba ya gane fuska daga nesa, amma ya san tsayuwa. Dorcas ce, matar Matiyu.

Na duba kayan jikinta tukuna. Atamfa ce mai ruwan ganye, ba baƙaƙen makoki ba.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni."

Na ce, "Maman Vicky, bar gaisuwar nan. Faɗa mini."

"Yana nan, Baba. Yana Kwoi. Mu duka muna nan."

Akwai benci a wurin, Allah ya saka wa wanda ya ajiye shi. Na zauna. Ta zauna a ɗaya bakin. Mangwaro ɗaya ya faɗo tsakaninmu, ba wanda ya ɗauka.

Ta ce ƙafar ce, amma ya fara takawa da sanda. Ban tambayi abin da ya sami ƙafar ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta tambayi Hajiya, na ce tana lafiya. Ta tambayi unguwarmu, na ce da sauƙi. Ba ta dube ni ba da ta tambaya, ni ma ban dube ta ba da na amsa.

Da ƙanenta ta zo a a-kori-kura, su kwashe abin da ya saura, ta kuma kai takardarsa ofis. Canjin wurin aiki yake nema, zuwa Kafanchan.

"Ba zai iya ba, Baba. Ko sunan garin nan aka ambata a rediyo sai ya tashi ya fita. Ni ma ban ce ya dawo ba."

Na ce, "Gaskiyarku."

Ta gyara ɗankwali. "Amma ya ba ni saƙo. Ya sa na maimaita har sau nawa, kamar 'yar firamare. Wai in tambaye ka, ka wanke abin nan? Birit ne ko me?"

"Biret."

"Shi. Ya ce in ka wanke tun da wuri, shi ke nan, ya gode, in karɓo masa rigarsa da kofin shayinsa. In kuwa ka bar shi ya ƙame, to kada ka taɓa, wai fasawa za ka yi kamar sauran. Ka ajiye masa. In ƙafar ta yi ƙwari zai shigo rana ɗaya ya kwance, ya juya a ranar."

Ta tsaya tana jirana. Ta tagar ɗakin gwaji, da ido mai kyau, ana iya hango shi a tsaye yana ƙyalli.

Na ce, "Ya ƙame."

Ta yi dariya, ta share ido da bakin zane. "Haka ya ce. Ya ce, 'Na san tsohon nan, ba zai wanke ba. Yana can yana jira in zo in ce masa tsaya.'"

Na shiga na ɗauko kwallar Tabawa daga kabad ɗin ofis. Na ce ta gaya masa ragon ya rasu, ga abin tunawa. Ta rungume kwallar kamar jariri. Rigar da bikar ba ta ƙara ambatarsu ba, tunda saƙon bai ce a karɓo ba.

Na gaya wa Tabawa duka, har da amsar da na bayar. Ta yi hamdala ta daɗe tana yi. Sannan ta ce, "Malam, da furfurarka ka yi wa matar mutane ƙarya."

Na ce, "Zuwa gobe dai."

Talata, 28 ga Maris, da hantsi

Na riga kowa zuwa. Na zare famfon, na goge basilin ɗin tas da tsumma, ciki da waje, har gilashin ya koma yana ƙara in an murɗa. Na mayar da shi a bushe na rufe. Na kafa biret. Na ɗauko sodar jarrabawa da mazurari, ina cikin zubawa Dokta Nkiruka ta shigo da takardu a hannu.

"Baba, yau ba mu da awo."

"Babu, Dokta."

"To me kake yi?"

"Jiya na faɗi wata magana ne kafin lokacinta. Ina so ta same ni a kan gaskiya."

Ta riga ta ga Dorcas a ofis, takardar ma a hannunta take. Ta dubi tsumman da basilin, ta dubi famfon, ta dubi rigar da ke ƙusa. Na jira a tuna mini dokar farko.

Ta ajiye takardun. Ta je kabad na baya ta buɗe da makullinta, ta ɗauko babbar kwalbar da muke tsinkawa daga ciki, ta dire mini a tebur.

"Wannan ta ɗalibai ce, ba ta da ƙarfi, sai ta yi sati biyu tana wasa. Zuba wannan. Kuma ka kai shi ɗakin ajiya, kada yara su gani su ce haka ake yi."

Na zuba har inda muka tsaya ranar. Na kai shi ɗakin ajiya na kafa a kan kanta, inda rana ba ta kaiwa. Na dawo na ɗauki kwalbar da faifanta, da hannu biyu, na ajiye a ƙarƙashinsa. Ruwan ya ɗan ragu, amma har yanzu fari ne tas.

Ban taɓa famfon ba. Jibi zan gwada.